Duwatsun Rafin Gwauro

Rana ta yi ja, ta rataya a kan giginyoyin fadama, amma zafin bazara bai tafi ko'ina ba, ya dai sauko daga sama ya shige cikin bango. Lubabatu na durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa. 'Yarta Fiddausi, mai shekara goma sha biyu, na gefe tana kaɗa miyar kuka. Ladan bai kira magariba ba tukuna, maigidan kuma, Namadi, bai dawo daga rafi ba.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya gangaro a hankali kamar mai neman hanya, ya diro dab da murhu.

"Inna, mi yah hwaɗo?" in ji Fiddausi.

Lubabatu ta ɗauka yaran maƙwabta ne ke jifan kurciya. Ta miƙa hannu za ta wurgar da shi, sai hannun ya tsaya. Baƙin dutse ne kamar dunƙulen hannu, da sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf, ga koriyar gansakuka manne a gefensa. Wata huɗu ke nan rabon Rafin Gwauro da ya gudana. Kuma ta san dutsen. Irinsa ba ya ko'ina a ƙasar nan sai a idon ruwan da ke gindin Dutsin Gwauro, inda aka haife ta.

Rafin Gwauro ba wani abin a zo a gani ba ne. Mai ƙarfin ƙafa zai bi shi daga kai har wutsiya tsakanin hantsi da la'asar. Yana tsattsafowa daga ƙarƙashin wani tsauni da ke tsaye shi kaɗai a gabas, ba mata ba ɗa, shi ya sa ake ce masa Gwauro. Daga nan ya faɗa wani kwazazzabo mai jar marmara, ƙunci gare shi har akuya na tsallake shi. In ya fito sai ya baje a mashaya, inda Fulani ke shayar da shanu a kan fararen duwatsu masu santsi. Dab da Tungar Giyayya sai ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ya zagaye wata tsohuwar giyayya, ya yi gurbi mai zurfi. Nan ake kira Gwiwa. Bayan Gwiwa ƙarfinsa ya ƙare, sai ya watsu cikin fadama, ya sauke duk abin da ya ɗauko a gindin wasu giginyoyi uku, sauran ruwan ya lallaɓa ya sami babban gulbi. An haifi Lubabatu a kan rafin, aka aurar da ita a wutsiyarsa, har matan tunga ke tsokanarta cewa ba amarya aka kawo ba, ruwa ne ya kawo ta.

Gurbin Gwiwa bai taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun fari. Mutanen tunga ba sa yawan magana a kansa. Sun dai gaji wasu 'yan ladubba: mai wucewa ya yi sallama ko bai ga kowa ba, mai ɗiban ruwa kada ya buga tulu, kuma ba a sa ƙarfe a ƙasar wurin. Namadi ne ya fara sa ƙarfe. Ya ji masu haƙar zinari na cewa inda rafi ya lanƙwasa nan yake ajiye nauyinsa. Da kaka ta wuce ruwa ya ja baya, sai ya haƙa wa rafin miƙaƙƙiyar hanya ta bayan giyayya, ya toshe bakin Gwiwa da buhunan yashi. Cikin mako uku gurbin ya bushe, lakarsa ta tsage. A tsakiyarsa ya sa diga, ya yi ta nutsawa har ramin ya fi tsayin mutum uku. Dattawa sun yi masa magana, ya ce musu aljani ba ya cin zinari, shi kuwa yana da bakunan ciyarwa.

Bakunan nan da can biyar ne. Ƙannen Fiddausi, Zayyad da Basma, sun tafi a shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka, mako biyu tsakaninsu, kowanne da sanƙarewa da juyewar ido. Ma'aikatan lafiya sun zo sun ce gubar dalma ce, daga dutsen zinarin da ake dakawa a cikin gidaje. Lubabatu ta ji su da kunne, amma ba ta bari maganar ta sauka cikinta ba. Ita ta riƙe cewa iska ce ta ɗauke mata 'ya'ya. Da wannan take iya barci, domin ita ce ta daka dutsen, a turminta, Basma na goye a bayanta.

Da Namadi ya dawo ta nuna masa baƙin dutsen. Ya juya shi, ya yar.

"'Yan baƙin ciki na. Sun ji na kusa ga abu."

Washegari, daidai wannan lokaci, wani ya faɗo. Jar marmara ce, tana ɗigar da jan ruwa. A ranar Fiddausi ta daina cin abinci. Ruwa kawai take sha, moɗa bayan moɗa, leɓenta kuma a bushe. In ta ratsa tsakar gida sai a ga sawun ƙafarta ta hagu a jiƙe, na dama a bushe. Da gari ya yi shiru bayan sallar magariba, Lubabatu ta ji motsin ruwa a ƙarƙashin daɓen ɗaki, yana gudu a hankali, da wata murya can ciki kamar mace na rarrashin jariri.

Rana ta uku farin dutse ne mai santsi, har da warin kashin shanu. Lubabatu ta jera su uku a gindin rumbu, ta tsaya tana kallo, sai ta gane. Baƙi, ja, fari. Idon ruwa, kwazazzabo, mashaya. Ba jifa ake yi ba, tafiya ake yi. Wani abu ne ke gangarowa rafin zango-zango, yana aiko mata da shaidar inda ya kwana. Ta waiwaya ta ga Fiddausi tsaye, ta ba ta baya, goshinta dab da bangon da ke fuskantar rafi.

"Saura zango guda," in ji yarinyar, da muryar da ba tata ba.

A rana ta huɗu ba abin da ya faɗo. Lubabatu ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, ta fito ba Fiddausi. Ba ta tsaya tambayar kowa ba, ta bi jiƙaƙƙen sawun nan da gudu, mayafi a hannu. A bakin ramin Gwiwa ta same ta, yatsun ƙafarta sun riga sun leƙa. Mata huɗu suka taru kafin a iya janye yarinyar da ko tulu cikakke ba ta iya ɗauka ita kaɗai. Da zane aka ɗaure ta aka kawo gida. Ma'aikata biyun da ke taya Namadi haƙa suka ga abin da idonsu, suka ajiye shebur, ba su sake dawowa ba.

Da asuba Lubabatu ta tura ƙanenta da babur zuwa Gummi ya ɗauko Malam Ubaidullah. Ba ta nemi izinin kowa ba.

Malam Ubaidullah ɗan ƙaramin tsoho ne, busasshe, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar. Ya duba duwatsun nan uku, ya shinshina farin. Ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, uwar ta riƙe kafaɗunta, uban ya zauna a bakin ƙofa. Ya yi alwala, ya zauna dab da kanta, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken ƙofa ya rage, kaji suka shige akurki, ba a jin komai sai muryarsa tana hawa tana sauka. Gumi ya jiƙe rigarsa. Da ya kai Suratul Jinni, sai jikin yarinyar ya miƙe ya sandare, sanyi ya taso daga tabarmar har Lubabatu ta ji shi a gwiwoyinta. Bakin Fiddausi ya buɗe. Muryar tsohuwa ce ta fito, mai kauri, kamar ana magana da ruwa a maƙogwaro.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kau ban zo wurinka ba."

"Wa ke magana?"

"Mai Gwiwa."

"Musulma ko kahira?"

"Na riga kakanka kai goshi ƙasa."

"To, kin san haramun na shiga jikin ɗiyar mutane. Mi ya kawo baƙuwa gidanga?"

Aka yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni ba baƙuwa ta ba. Ku ab baƙi. Tun ba a sare itacen hwarko na tungag ga ba nike ƙarƙashin giyayya. Kuna sallama, ina amsawa. Ɗiyanku nawa sunka hwaɗa gurbi na turo su waje? Tambayi wancan na bakin ƙohwa abin da yay yi."

Namadi ya motsa, ya ce, "Rahi na Allah na, ba na kowa ba."

"Yi kurum," in ji Malam, bai ko dube shi ba.

"Ɗiya guda gare ni," muryar ta ci gaba, yanzu a hankali. "Ƙarama ta, ba ta iya tahiyar tudu. Ruwa yaj janye, laka tab bushe, rana tat taras da ita. Na ɗauke ta na hau da ita har idon ruwa, ban kai ba tam mutu a hannuna. Can na bizne ta, na gangaro. Ɗiya bakin ɗiya, Malam. In kai alƙali na, yi hukunci."

Lubabatu ta ji tausayin abin da ke son kashe mata 'ya, ta kuma ji tsoron wannan tausayin. Ta ce, "Kin riga kin ɗauki biyu. Ba su ishe ki ba?"

Idanun Fiddausi suka juyo gare ta, farare fat.

"Ban taɓa ɗiyanki ba, ɗiyar kan rahi. Ke kin san abin da yac ci su. Turminki na nan bayan rumbu, kin kihe shi, ba ki iya kallo nai."

Da an zuba mata garwashi a ƙirji da ya fi mata sauƙi. Abin da ta yi shekaru tana zagayewa, ga shi an ajiye mata a gaba, a bakin 'yarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙara damƙe kafaɗun nan biyu.

"Wagga ma mi za ki yi da ita?" muryar ta ce. "Ko sunanta ban taɓa jin kin kira ba."

Gaskiya ne. Fiddausi 'yar fari ce, kuma 'yar fari uwa ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Shekara goma sha biyu "ke" ce, ko "yarinya". Lubabatu ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen yarinyar, a gaban miji, a gaban baƙo.

"Fiddausi," ta ce. "Fiddausi, ɗiyata. Ita ɗai tar rage min."

Malam Ubaidullah ya ce, "An zalunce ki, Mai Gwiwa, ban musu ba. Amma yarinyag ga ba ta riƙa diga ba, kuma wani rai bai ɗaukar laihin wani. Kin san ayar. In kin ƙi hita, in ci gaba da karatu har ɗayanmu shi ƙare. Hwaɗi abin da za a yi miki."

Numfashin yarinyar ya yi ta hawa da sauka. Can muryar ta ce, "A maido min ruwana. A buɗe bakin Gwiwa kahin goshin ruwan hwarko shi iso. In ya shigo gidana, na yahe. In ya bi sabuwar hanya ya wuce ni, in dawo in ɗauke ta, ko malamman Gummi dus sun taru. Zan hita, amma na bar zare ga ƙahwatta."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan. Ta rantse. Ƙafar hagun ta yi rawa, ta miƙe, ɗan yatsan ya karkaɗa, sai jikin ya saki gaba ɗaya. Fiddausi ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa.

A zaure, kafin ya hau babur, Malam ya ce wa Namadi, "Karatu na korar azzalumi. Wanda anka zalunta kau, Allah na jin shi ko aljani na. Buɗe rahin nan gobe."

Namadi ya ce to. Gobe ta zo, ya ce jibi. Ya kai ga baƙin yashin da ke ƙasan gurbi, wanda ake cewa nan zinarin yake kwance, kuma a kowane kwano ya wanke yana ganin ƙyalli. Kwana uku kawai yake nema. Ba mugun mutum ba ne, yana son 'yarsa, har tsire ya sayo mata a ranar. Amma ido in ya ga ƙyalli, kunne sai ya toshe. In Lubabatu ta yi magana sai ya nuna mata sama.

"Dubi, ko gizagizai babu. Ruwa da saura."

Shi ɗan wutsiyar rafi ne, saman tunga kawai ya sani. Ita kuwa ta san cewa Rafin Gwauro ba ya jiran a yi ruwa a tunga. Kullum da safe tana taɓa ƙafar Fiddausi ta hagu, kullum da sanyi da danshi.

A rana ta uku, bayan azahar, ta fito shanya sai ta dubi gabas. Sama fes take a kan tunga, rana na dukan ƙasa. Amma can nesa, a kan Dutsin Gwauro, wani baƙin hadari ya zauna, walƙiya na wasa a cikinsa ba a jin ƙararta. Tana yarinya sun sha yin tsere da goshin ruwa daga gindin dutse zuwa kwazazzabo. Ta san lissafinsa: in ya zuba a kai da azahar, kafin magariba yana Gwiwa. Ta leƙa ɗaki. Fiddausi na zaune a bakin gado, ta ƙura wa bango ido, ruwa na ɗiga daga ɗan yatsan ƙafarta.

Ta ja ƙofar ta sa sakata ta waje, ta ɗauki tsohuwar digar da ke jingine a zaure, ta nufi rafi.

Namadi na can ƙasan rami shi kaɗai, igiya na reto daga tushen giyayya. Ta leƙa ta ce, "Malam, hito. An yi ruwa ga Dutse."

Ya ɗaga kai ya dubi ɗan da'irar shuɗin sama da ke bisansa. "Wane ruwa? Koma gida."

Ba ta koma ba. Ta hau kan buhunan da suka toshe bakin Gwiwa, ta fara sara. Rana ta riga ta cinye su, diga na shiga yashi na zubowa. Ta ja, ta ture, ta sara, tafin hannunta ya fashe ba ta sani ba. Tsakanin sara da sara tana kiransa, yana amsawa da to. Inuwar giyayya ta yi tsawo. Saura layi ɗaya na ƙasa, buhu uku, sai iska mai sanyi ta bugo daga gabas da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A bayanta ta ji shi, wani gurnani can ƙasa-ƙasa, daga wajen mashaya.

Ta juya ta gan shi ya karyo kwana. Goshin ruwa, ja wur da marmarar kwazazzabo, yana turo kumfa da karare da busasshen kashin shanu, tsayinsa ya kai ƙugu.

Nan ta tsaya, diga a sama. Komai a fili yake, ba abin da ya ɓuya mata. In ta bar buhu ukun nan, ruwan zai bi sabuwar hanya, mijinta ya fito lafiya, ta koma ta tarar Mai Gwiwa ta ɗauke mata 'ya a ɗakin da ta kulle. In ta sare su, ruwan zai shiga Gwiwa, kuma ramin ne farkon abin da zai tarar.

"Namadi!" ta kira. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. "Namadi, don Allah kama igiya!"

Muryarsa ta taso daga ƙasa, ba tsoro a cikinta, sai ɗan ƙosawa. "Ina zuwa. Kwano guda."

Ta yi bisimilla ta sara.

Da ƙyar ta kai ga tudu. Ruwan ya zo bakin Gwiwa ya ɗan yi jim kamar mai tuna hanya, sa'an nan ya karkata ya shiga. Ta ga igiyar ta miƙe, ta ga kansa ya ɓullo, da buhun baƙin yashi ɗaure a bayansa. Ta kwanta rub da ciki ta miƙa masa ƙotar diga. Saura kamu biyu bangon ramin ya zabtare. Igiyar ta saki. Ruwan ya yi ta juyawa a wurin, ya cika gurbin, ya zagaye giyayya, ya wuce fadama ta tsohuwar hanyarsa.

Maza suka zo da gudu da gorori, suka yi ta tsokana a gurbin. Lubabatu na zaune a tudu, laka har cinya. Da ta ga za su shiga ruwan, ta ce, "Kada ku wahal da kanku nan. Gobe da sahe ku tai gindin giginya ukku. Can rahin nan ka aje kaya nai."

Ana kiran magariba ta iso gida. Ta daɗe da hannu a kan sakata kafin ta zare. Fiddausi na tsaye a bayan ƙofa tana ɓata rai, wai wa ya kulle ta tun ɗazu ga yunwa. Lubabatu ta durƙusa ta kama ƙafarta ta hagu da hannu biyu. A bushe take, da ɗumi.

Yarinyar ta fita ta hura wuta, ta ɗora tukunya, tana 'yar waƙarta. Uwar ta zauna a bakin ƙofa. Wani abu ya buga kwanon ɗaki, ta zabura. Ya sake bugawa, ya sake. Yayyafi ne, ruwan ya iso tunga.

"Inna," in ji Fiddausi daga murhu, "in zuba ma Baba nashi, ko sai ya dawo?"

Lubabatu ta dubi hannuwanta.

"Zuba na mutum biyu, Fiddausi," ta ce. "Zo ki zamna kusa gare ni."